Maigidana ɗan Mormon ne, kuma kullum yana cewa cocinsu ya fi namu taimakon mutane

Tambaya: Ni 'yar Katolika ce daga kudancin Kaduna, ina zaune a Jos da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Shi ɗan cocin Mormon ne tun kafin mu haɗu, kuma a cocinmu aka ɗaura aurenmu bayan an samu izinin bishop. Mutumin kirki ne, ba ya shan giya, ba ya barin gida babu abinci. Abin da ke damuna shi ne yawan faɗin da yake yi cewa cocinsu ne yake yin aikin Almasihu na gaskiya, domin shugabanninsu ba sa karɓar albashi kuma suna kashe biliyoyin daloli a kan mabuƙata, mu kuwa sai tara baiko domin fada. Da na kwanta a asibiti bara, matan cocinsu ne suka yi ta kawo mini abinci, daga namu kuwa ban ga kowa ba, kuma tun daga lokacin bakina ya mutu. Ɗanmu na fari, wanda aka yi wa baftisma yana jariri, zai cika shekara 8 baɗi, maigida kuma ya fara maganar zuwa haikalinsu na Aba. Shin abin da yake faɗi gaskiya ne? Me Ikilisiya ta ce? Ta yaya zan zauna lafiya da mijina ba tare da na bar bangaskiyata ba?

Amsa: Ya 'yar'uwata, na gode da wasiƙarki, Allah ya ƙara miki lafiya. Maganar maigidanki tana da ƙamshin gaskiya a wani ɓangare, ta kuma wuce gona da iri a wani ɓangaren, kuma ya kamata ki san inda iyakar take domin ki daina jin kunya a cikin gidanki. Sai dai tun yanzu zan gaya miki cewa ba a gardamar taimako gizo yake saƙa ba. Abin da ke gabanku shi ne yaron da zai cika shekara 8 da kuma haikalin da aka fara ambata.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce, Ikilisiyar Yesu Kiristi ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wato cikakken sunan cocin Mormon, wadda Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830, ta iya tsara kula da mambobinta ƙwarai da gaske. Suna raba jama'arsu unguwa-unguwa, kowace majami'a ba ta cika wuce 'yan ɗaruruwan mutane ba, kusan kowane baligi ana ba shi wani aiki da zai riƙe, kuma ana naɗa wa kowane gida mutanen da haƙƙinsu ne su riƙa leƙa shi su san halin da yake ciki. Shugaban majami'arsu, wanda suke kira bishop, ba ya karɓar albashi, yana da sana'arsa ta neman abinci, hidimar coci kuwa da yamma da ranakun hutu yake yin ta. Ƙungiyar matansu ta agaji ta samo asali tun 1842. A Lahadin farko na kowane wata suna azumi, su bar cin abinci sau biyu, su ba da kuɗin abincin domin mabuƙata, kuma tun 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, suka kafa tsarin rumbunan abinci da gonaki domin talakawansu. Rahoton da hedkwatarsu ta birnin Salt Lake ta fitar ya ce sun kashe sama da dala biliyan 1 a 2022 wajen ayyukan jinƙai. Lissafinsu ne da kansu, kuma ya haɗa da abin da suka taimaki mambobinsu da shi, amma ba ƙaramin kuɗi ba ne, babu kuma dalilin raina shi.

Saboda haka matan da suka zo miki asibiti da kwanukan abinci ba su yi abin mamaki ba a wurinsu, tsarin da suka saba ne ya yi aiki, kuma sun cancanci godiyarki ba tare da zargi ba. Game da cocinku kuwa, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi miki: akwai wanda ya san kin kwanta? Manyan majami'un Katolika na birane suna ɗaukar dubban mutane, Mas uku ko huɗu a ranar Lahadi, fada ɗaya ko biyu, ta yadda mace za ta iya yin wata guda ba ta zo ba babu wanda ya lura, in dai ba ta cikin Zumuntar Mata Katolika ko ƙungiyar mawaƙa ko wata ƙaramar ƙungiyar unguwa. Wannan rauni ne na gaske a tsarinmu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Idan kuwa sun sani ba su zo ba, to sun gaza, kina kuma da damar faɗa wa shugabar zumunta haka cikin ladabi.

Inda maganar ta kauce shi ne wurin gwada adadi da adadi. Cocinsu yana da baitulmali ɗaya da hedkwata ɗaya, don haka yana iya fitar da jimla guda a ƙarshen shekara. Ikilisiyar Katolika ba ta da irin wannan littafin lissafi, domin kowace dayosis da kowace ƙungiyar sistoci da kowane asibiti suna riƙe nasu, babu kuma ofishin da ke tattara su duka. Caritas, ƙungiyar agajin Katolika ta duniya, wadda aka kafa a 1951, ta ƙunshi ƙungiyoyi sama da 160. Bishop-bishop na Katolika a Amurka sun kafa ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services a 1943, kuma tana aiki a Najeriya. Ƙungiyar Vincent de Paul, wadda ɗalibai suka fara a Paris a 1833, tana nan a majami'u da yawa tana ziyartar matalauta gida-gida. Ba sai kin je nesa ba: asibitin Our Lady of Apostles yana nan Jos, asibitin St. Gerard yana Kakuri a Kaduna, makarantun St. Louis sun yaye 'yan mata Kirista da Musulmi a Kano da Jos shekaru aru-aru, kuma hukumar adalci da raya jama'a da zaman lafiya ta dayosis-dayosis ta sha kai wa 'yan gudun hijira ɗauki a Filato da Binuwai da Borno. Batun albashi ma yana da fuska biyu. Fada da sista suna cin abinci daga Ikilisiya ne domin sun ba ta rayuwarsu gaba ɗaya, babu aure, babu wata sana'a, kuma manyan shugabannin cocin maigidanki da ke aiki cikakken lokaci su ma ana ba su kuɗin ɗaukar ɗawainiya.

Akwai wani labari da nake so ki sani, domin yana kwantar da wannan gardama fiye da kowace hujja. A 1985, lokacin yunwar Habasha, shugabannin cocin Mormon suka kira azumi na musamman, suka tara miliyoyin daloli, kuma da yake ba su da ma'aikata a can, suka miƙa wani kaso ga ƙungiyoyin da ke wurin, ciki har da Catholic Relief Services. Tun daga lokacin ƙungiyoyin biyu suke haɗa hannu a ƙasashe da dama. A watan Maris na 2019 Fafaroma Francis ya karɓi shugaban cocinsu na lokacin, Russell Nelson, a fadar Vatican, karo na farko da aka yi irin wannan ganawa. Manyan da ke riƙe da kuɗin da motocin abincin ba su ɗauki juna abokan gasa ba, don haka babu dalilin da zai sa teburin cin abincinku ya zama filin gasar.

Ra'ayin Katolika a kan irin wannan iƙirari a bayyane yake. Ikilisiya tana yaba aikin alheri a duk inda ta gan shi, kamar yadda Yesu ya hana almajiransa tsawata wa mutumin da yake fitar da aljanu da sunansa ko da yake ba ya cikin ayarinsu, a Markus sura 9. Amma ba ta ɗauki yawan taimako a matsayin hujjar ingancin koyarwa ba. In da haka ne, da maƙwabtanki Musulmi da ke fitar da zakka suna ciyar da mutane duk watan azumi su ma sun kafa miki hujja, kuma kin san maigidanki ba zai yarda da wannan ba. Fafaroma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta farko ga Ikilisiya a 2005, ya rubuta cewa bai kamata a mayar da aikin ƙauna hanyar farautar mabiya ba. Wannan gargaɗi ya hau kanmu kamar yadda ya hau kan kowa. Idan ke ma kika ɗauki jerin asibitocin da na lissafa miki kika je kina buga wa mijinki a ka, kin faɗa ramin da kike kuka da shi, kin kuma manta da abin da Matiyu 6:3 ya ce a kan hannun hagu da hannun dama.

Zan ƙara da kashedi guda. Za ki iya samun masu ba ki makamai, su gaya miki cewa a watan Fabrairu na 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci cocinsu da kamfanin zuba jarinsa tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye girman dukiyarsu a takardun da suka gabatar. Hakan ya faru. Amma a Disambar shekarar nan ɗaya kotun Vatican ta samu wani kadinal da laifin almundahana a shari'ar farko, kuma maigidanki ba zai rasa wanda zai gaya masa ba. Kada ki buɗe wannan ƙofa. Abin da ya fi shi ne ki same shi lokacin da yara suka yi barci, ki ce masa kin ga alherin mutanensa da idonki kuma ba za ki manta ba, amma duk lokacin da ya haɗa yabonsu da kushe fada da baiko, cocin iyayenki yake taɓawa, kuma yana miki ciwo. Mai yiwuwa bai san zafin ya kai haka ba. Ke ma ki biya shi da irin wannan ladabi, domin tun 2018 shugabanninsu suka roƙi a daina kiransu Mormon a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, kuma kiyaye wannan a gabansa ba zai rage ki da komai ba.

Yanzu ga babbar maganar. A ranar 5 ga Yuni 2001 ofishin koyarwar bangaskiya na Vatican, da sa hannun Kadinal Ratzinger da amincewar Fafaroma John Paul na 2, ya yanke cewa baftismar cocin Mormon ba ta inganta ba a wurin Katolika, alhali Ikilisiya tana karɓar ta Angilika da ta Baptis da ta sauran coci-coci da dama. Dalilin shi ne, ko da yake suna ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, abin da suke nufi ya bambanta da namu: mu muna shaida Allah ɗaya cikin uku, su kuwa suna koyar da cewa uku ne daban-daban waɗanda nufinsu ya zama ɗaya, kuma Uba yana da jiki. Hukuncin bai ce su mutanen banza ba ne, bai kuma yi magana a kan makomar kowa a lahira ba. Su ma a nasu ɓangaren ba su yarda da baftismar jarirai ba, ba su kuma karɓi ta wani coci ba, shi ya sa suke yi wa yaro idan ya cika shekara 8. Ma'ana, a idon maigidanki ɗanku bai samu baftisma ba tukuna, a idon Ikilisiyarki kuwa ya samu, kuma ba a maimaita ta. Babu dabarar da za ta sa duka biyun su zama daidai a lokaci guda.

Aurenki kuwa yana nan daram. Izinin bishop da kika ambata shi ne abin da dokar Ikilisiya take buƙata idan Katolika zai auri wanda ba a ɗauke shi mai baftisma ba, kuma da shi aure ya inganta. Idan ya kasance an taɓa yi wa maigidanki baftisma a wani cocin yana yaro kafin ya shiga wannan, kamar yadda ya faru da mutane da yawa a kudancin Najeriya inda cocin ya fara yi wa mutane baftisma a 1978, ki gaya wa fada, domin hakan yana canza matsayin auren ta fuskar sakramenti. Kafin a ba da izinin kin yi alkawari biyu: za ki riƙe bangaskiyarki, kuma za ki yi iyakar ƙoƙarinki a yi wa 'ya'ya baftisma a kuma rene su a Katolika. Tun 1970 ba a tilasta wa ɗaya ɓangaren yin alkawarin, amma dole a sanar da shi, don haka maigidanki ya san da wannan tun ranar farko. Ki lura kuma cewa iyakar ƙoƙari aka ce, ba a ce ki rushe gidanki ba.

Shawarata ita ce kada ki jira ranar haihuwar yaron ta matso, lokacin da dangi da mutanen coci za su fara tambaya kuma janyewa za ta zama abin kunya ga mijinki. Ki tayar da maganar yanzu. Ki gaya masa a fili cewa ba za ki iya ba da yardarki a sake yi wa yaron baftisma ba, ki kuma faɗi dalili, wato alkawarin da kika yi da saninsa. Ƙa'idar cocinsu ma tana neman yardar iyaye kafin a yi wa yaro baftisma, saboda haka ba laifi ba ne ku je tare ku ga bishop ɗinsu, ya ji matsayinki daga bakinki, sannan ku je tare ku ga fada. A madadin haka ki ba shi abin da za ki iya bayarwa da zuciya ɗaya: ba za ki hana shi gaya wa 'ya'yansa abin da ya gaskata ba, ba za ki zagi cocinsa a gabansu ba, kuma idan suka girma suka mallaki hankalinsu zaɓi nasu ne. Abin da ba na so shi ne a sa yaro mai shekara 8 ya zaɓa, domin a wannan shekaru ba tsakanin koyarwa biyu yake zaɓe ba, tsakanin uwa da uba ne, kuma duk wanda ya zaɓa zai ji ya ci amanar ɗayan.

Batun haikalin Aba, wanda aka keɓe a 2005, yana buƙatar tausayi daga gare ki. A bangaskiyarsa, miji da mata da aka ɗaura aurensu a haikali suna zama iyali har abada tare da 'ya'yansu, kuma ba a yin wannan sai dukansu biyu mambobi ne masu takardar shiga, wanda ba mamba ba ko ƙofar ba ya wucewa. Duk Lahadi yana zaune yana jin ana wa'azin iyali na har abada, yana duban kujerar da ke gefensa babu ke. Ina kyautata zaton yawan yabon ayyukan cocinsu da yake yi zawarci ne, yana fatan idan kika ga kyawun mutanen za ki biyo shi. Koyarwarmu ta bambanta, domin Yesu ya ce a Matiyu 22:30 a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa, kuma muna sa zuciya ga haɗuwa da ƙaunatattunmu a gaban Allah ba tare da wannan ɗauri ba. Kada ki ce masa "sai mu gani" domin kawai ki kashe maganar, domin zai riƙe kalmar shekara da shekaru, masu wa'azinsu kuma za su yi ta zuwa. Ki gaya masa kin fahimci nauyin abin a zuciyarsa, ba za ki shiga ba, kuma hakan bai rage ƙaunarki gare shi ba. Zai ji zafi, amma zafin amsa ta gaskiya yana warkewa da sauri fiye da na jira.

Sauran al'amuran yau da kullum sun fi sauƙi. Zakkar kashi 10 cikin 100 sharaɗi ce a gare shi ta shiga haikali, don haka ku amince cewa daga nasa samun yake fitarwa, ke ma baikonki daga naki, a kuma rubuta duka biyun cikin kasafin gida kafin kuɗin makaranta ya zo. Dokarsu ta hana shi shayi da kofi da giya da taba, amma ba ta hana ke shan shayinki ba, ko da yake ba sai kin riƙa yi masa tayi ba. Za ki iya raka shi cocinsu wani lokaci bayan kin halarci Mas, shi ma ya raka ki, amma kada ki karɓi gurasa da ruwan da suke rabawa, shi ma ba zai karɓi Jibin Ubangiji a wurinku ba, kuma gara ku bayyana wa yara dalili da kanku. Suna da al'adar keɓe yammacin Litinin domin iyali, wadda abu ne mai kyau, kuma Linjila huɗu da Zabura naku ne ku duka, sai ku karanta su tare. Idan yana son aikin taimako kamar yadda yake faɗi, ki gayyace shi ziyarar da 'yan Vincent de Paul suke kaiwa, ke ma ki bi matan cocinsu ranar da za su kai wa wata mara lafiya abinci.

Akwai iyakar da in aka ƙetare ta magana ta wuce ku biyu: idan ya hana ki zuwa Mas, ko ya riƙe kuɗin cefane domin ya matsa miki, ko aka shirya yi wa yaron baftisma a ɓoye. Wasiƙarki ba ta nuna mini mutum irin wannan ba, amma idan hakan ta faru, ki kira fada da iyayen da suka tsaya muku ranar aure ba tare da ɓata lokaci ba. Kafin nan, a cikin wannan makon ki nemi ganin fadan majami'arku, ki roƙe shi ya duba takardun aurenku ya nuna miki alkawarin da kika sa wa hannu, domin ki san ainihin abin da ke rubuce kafin ki zauna da maigida. Ki kuma ba da sunanki da lambarki ga shugabar Zumuntar Mata kafin ki bar harabar cocin.